Kwikwiyona na cizon yara kuma yana tsoron janareta, in kulle shi ne ko yaya zan yi?

Ɗan_Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san kan kare ku taimaka min da shawara, abin ya fara damuna. A Agege nake zaune da iyalina, gida ne mai get mu kaɗai a ciki, ni kuma tun asuba nake fita kasuwar Mile 12 sai bayan isha'i nake dawowa. Cikin daminar nan sau biyu ana tsallako mana katanga, na farko suka cire batirin mota, na biyu Allah ne ya kiyaye maƙwabci ya farga ya yi ihu suka gudu. Shi ne na ce bari in samo kare saboda gadi.

Wani abokin kasuwancina Bayarabe ne ya ba ni kwikwiyo, ruwa biyu ne, uban Boerboel, wani irin ƙaton kare, uwar kuma irin namu na gida. Satinsa 6 na karɓo shi, yanzu ya shiga sati 10. Baƙi ne wuluk shi ya sa yara suka sa masa Duna. To matsalar ita ce ba ya barin ƙafar yara, da sun fito tsakar gida zai bi su yana kama musu diddige da bakin wando, ƙaramar ma shekararta 4 jiya ya yage mata bakin hijabi ta dinga kuka. Da dare kuma kuka yake ta yi har maƙwabta sun fara magana. In aka tada janareta sai ya ruga ƙarƙashin mota yana rawar jiki, ba ya fitowa sai an kashe. In na dawo na miƙa hannu zan taɓa shi sai ya kwanta ya saki fitsari. Shekaranjiya kuma babban yarona ya matsa kusa da kwanonsa yana cin abinci ya yi masa gurnani, ni kuma raina ya ɓaci na kai masa mari, tun daga nan in ya gan ni sai ya maƙale a bango.

Wani maƙwabcina ya ce laifina ne da nake barin sa yana cuɗanya da mutane, wai in saka shi a keji in rufe da buhu kar ya ga kowa sai mai ba shi abinci, in dinga zuba masa barkono a abinci, wai haka ake yi kare ya yi zafi. Uwargida kuma ta ce ita dai a mayar da shi saboda tsarki da yara. Ni gaskiya ba na son in zalunci dabba kuma ba na son in raini abin da zai zo ya illata min yara. Me kuka gani?

Tsohon_Maigadi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun kafin in ce komai, maganar keji da buhu da barkonon nan ka watsar da ita, wallahi da idona na ga ƙarshen irin wannan rainon. Na yi shekaru ina gadi a wani gida a Ikoyi kuma ni ke kula da karnukan gidan. Akwai ɗaya da aka kawo yana ƙarami, maigidan ya ce a kulle shi a baya kar kowa ya gan shi, haka ya tashi bai san mace ba bai san yaro ba bai san ƙarar mota ba. Da ya girma kowa tsoronsa yake, in ka ji haushinsa ka ce zaki ne, amma ni da nake ba shi abinci na san ba jarumta ba ce, tsoro ne ya cika masa ciki, leda in iska ta kaɗo ta sai ya zabura. Ranar da ya tsinke sarƙa ba ɓarawo ya kama ba, yarinyar mai wanki ya kama a cinya, tana ɗauke da bokiti ba ta ma san yana wurin ba. Har yau in na tuna kukan yarinyar nan sai jikina ya yi sanyi. Ɗayar kuwa karya ce da ta tashi a tsakar gida cikin mutane, ta san direba ta san kuku ta san yara, baƙo in ya shigo da rana tare da ni ko kallo bai ishe ta ba, amma da dare in wani ya raɓi katanga ita ce ke fara sanar da ni. Ita ce mai gadin gaske.

Abin da ya sa, kwikwiyo yana da wani ɗan lokaci, daga kamar sati 3 zuwa sati 12 ko 14, duk abin da ya gani ya ji ya shinshina cikin kwanciyar hankali a lokacin nan to ya ɗauke shi a matsayin abin duniya na yau da kullum. In lokacin ya wuce sai ya koma duk sabon abu yana masa kallon abokin gaba. Naka yana sati 10, ka ga saura kaɗan ƙofar ta rufe maka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ka tuna jinin Boerboel ne a jikinsa, karen gonakin Afirka ta Kudu, namijinsu yakan wuce kilo 60. Abin da yake yi yau ana cewa ai yaro ne, nan da shekara ɗaya ba ka iya riƙe shi da hannu ɗaya.

Ga yadda nake yi. Ka ɗauke shi a hannu ka zauna da shi a bakin get da yamma ko ranar da ba ka fita, minti 10 ya isa. Ya ga danfo ya ga Keke ya ga mai ruwa da kurarsa, ya ga mai babbar riga da mai hula da mace mai niƙabi da tsoho mai sanda da yaran Islamiyya suna wucewa da surutunsu. Ku a Agege ma ga jirgin ƙasa ga jiragen sama na Ikeja suna wucewa ta kanku, duk ya ji. Ka riƙe ɗan guntun dafaffen nama a aljihu, duk abin da ya wuce ya kalla bai firgita ba ka ba shi ɗan ƙanƙani. In ka ga ya maƙe kunnuwa baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana lasar baki yana hamma alhali ba barci yake ji ba, to ya ishe shi, ka ja baya ka shiga da shi gida. Kar ka tura shi dole wurin abin da yake tsoro, kar kuma ka bari yaran layi su taru a kansa kowa na miƙa hannu.

Janareta ma haka. Kar a tada shi yana kusa. Ka kai shi can ƙarshen gida inda ƙarar ba ta da ƙarfi, a tada, kai kuma a daidai lokacin ka ajiye masa abinci ko ka yi masa wasa. Gobe ka matso da kwanon taku biyu, jibi taku biyu. Ka dage da wannan tun yanzu saboda Disamba na zuwa, ka san yadda yaran Legas ke yi da nokawut, abin wasan nan mai fashewa da ƙara.

Marin da ka yi masa kuwa, ƙanena kar ka sake. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa ne ina tsoron za a ƙwace min. In ka dake shi kan gurnani zai daina gurnanin amma tsoron na nan, sai wata rana ya yi cizo ba sanarwa. Ka hana yara zuwa wurinsa in yana ci, kai kuma ka dinga wucewa ta gefen kwanon kana jefa masa abin da ya fi wanda ke ciki daɗi, a hankali zai gane hannun mutum kawowa yake ba ɗaukewa ba.

Maman_Yan_Biyu:

Sannu Malam, Allah ya tsare gaba. Baba maigadi ya gama magana, ni ta ɓangaren cikin gida zan ɗan ƙara tunda mu ke wuni da su. Mu ma a Idi Araba muna da kare shekara 3 ke nan kuma da farko ni ce kan gaba wajen cewa ban yarda ba.

Cizon diddigen nan wasa ne a wurinsa ba mugunta ba, da baki yake sanin komai kamar yadda jariri ke kai komai baki. Kuma an raba shi da uwarsa da wuri, ƙa'ida sai ya cika sati 8, domin a wurin uwa da 'yan'uwansa yake koyon cewa cizo da zafi, in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi sai wancan ya yi ƙara ya bar wasan. Yanzu ku ne za ku koya masa. Abin da ke ƙara zuga shi shi ne gudu da ihun yara, in sun ruga sai ya ɗauka tsere ake. Na koya wa nawa in ya taho su tsaya cak kamar bishiya su harɗe hannu su kalli sama, da ya ga ba motsi sai ya saki, nan take a miƙa masa igiya mai kauri da aka ƙulla ko tsohon tawul ya ja. Kar dai a ba shi tsohon silifas, ba zai bambance shi da sabon takalmin masallacinka ba. Ita ƙaramar kuwa kar a bar su su biyu ba babba a wurin ko na minti ɗaya, ko da kare ya kai shekara nawa a gidan.

Wani abu da na lura, in ya fara haukan cizo ba ji ba gani yawanci gajiya ce. Kwikwiyo na barcin awa 18 zuwa 20 a rana, in yara suka hana shi sakat sai ya rikice kamar yaron da barci ya kama yana rigima. Ku ware masa lungu mai inuwa da ruwa, in ya shiga nan an gama ba mai taɓa shi.

Kukan dare kaɗaici ne, jiya-jiya yana kwance cikin ɗumin 'yan'uwansa yau ya tsinci kansa shi kaɗai a duhu. Mu kwali muka sa masa a baranda kusa da tagar ɗakinmu inda zai dinga jin motsinmu, muka shimfiɗa tsohuwar rigar maigidan a ciki, kwana kaɗan ya yi shiru. Wani kukan kuma fitsari ne, ɗan sati 10 ba ya iya riƙewa fiye da awa 2 ko 3. A fitar da shi wuri ɗaya kullum, da ya tashi barci, da ya gama ci, da ya gama wasa, in ya yi a wurin a yaba masa. Wanda yake saki in ka dawo kuwa ba rashin tarbiyya ba ne, ladabi ne irin nasu haɗe da tsoro, ya ga ƙato ya tsaya a kansa ya miƙo hannu ta sama. In ka shigo ka ƙyale shi tukuna, ka tsuguna ka juya masa gefe ka bari shi ya zo, ka shafa ƙirjinsa ba tsakar kai ba. In ka yi faɗa ƙaruwa zai yi.

Maganar tsarki ka bi Maman yara a hankali don tana da gaskiyarta. Yadda muka yi, kare ba ya shiga ɗaki ko kicin ko inda ake sallah, kwanonsa daban, butoci da bokitin alwala a sama ko a rufe. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai, fitsarinsa da kashinsa kuwa najasa ne dole a wanke wurin. Batun halaccin ajiye shi saboda gadin gida ku je ku tambayi malaminku tare da ita, hankalinta zai fi kwanciya in ta ji da kunnenta.

Na_Alaba_Rago:

Ni fa ban gamsu ba. Karen da ya saba da kowa da kowa ranar da ɓarawo ya diro ai kaɗa masa wutsiya zai yi. Ba na goyon bayan barkono wannan zalunci ne, amma yawo da shi bakin titi ban yarda ba. Bara na sayi kwikwiyo da kuɗina masu yawa, ina jin irin wannan shawarar na dinga sakin sa a layi yana shinshine-shinshine a bakin kwata, sati bai rufa ba ya kama amai da gudawa da jini mai wani irin wari, kwana 3 ya mutu a hannuna. Malam ka yi hattara.

Ma'aikacin_Lafiyar_Dabbobi:

Allah ya mayar maka da alheri Na_Alaba, daga yadda ka kwatanta da alama parbo ce, wata cuta mai kama hanjin kare, kuma tana kashe ƙananan karnuka sosai a garin nan. Ta kashin kare mai ɗauke da ita ake kamuwa, ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, har a tafin takalmi ana shigo da ita gida. Amma ka duba da kyau Baba bai ce a sake shi a layi ba, cewa ya yi a ɗauke shi a hannu. Ido ya gani kunne ya ji, ƙafa kar ta taɓa ƙasan waje sai alluran rigakafi sun cika. Ana iya sa shi a mota ma a zaga da shi.

Ɗan_Agege ban ga ka ambaci allura ba sam, in ba a yi masa ba to gobe ma ka kai shi asibitin dabbobi kar ka jira. Allurar haɗaka ta farko, wato rigakafin da ya haɗa parbo da wasu cututtuka, ana yin ta ne a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai wajen sati 16. Ta haukar kare kuma daga wata 3, kuma a nan ƙasar ana sabunta ta duk shekara. Ka tabbata an ba ka kati an rubuta kwanan wata an manna takardar kwalbar, kuma ka ga daga cikin sanyi aka ciro maganin, domin akwai masu yawo da jaka gida-gida da allurar da rana ta gama kashewa. Maganin tsutsar ciki duk sati 2 har ya kai wata 3, wannan har don yaranka ne saboda tsutsar kare na kama yaran da ke wasa da ƙasa, a dinga kwashe kashinsa kullum ana wanke hannu. Ka dinga duba cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska, danshin Legas na sa ta yawa. Dan Allah kar a fesa masa maganin ƙwari na gona ko na sauro, na ga waɗanda aka kashe ta haka.

Cizon zai ƙaru kafin ya ragu, ka sani tun yanzu. Haƙoran nono 28 gare shi, daga wajen wata 4 za su fara zuba na manya 42 su fito, sai kusan wata 6 zuwa 7 ake gamawa, dasashi na masa ƙaiƙayi dole ya nemi abin tauna. In haƙorinsa ya fasa fatar wani a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan a tafi asibiti, ba a wasa da wannan domin haukar kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

Abinci sau 3 zuwa 4 a rana a wannan shekarun. Ragowar miyar gida mai albasa da tafarnuwa da yaji kar a ba shi, albasa na lalata musu jini. Cakulan da inabi da goro duk guba ne gare su, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. Barkono babu abin da yake ƙara wa kare sai ciwon ciki.

Tsoron da kake Na_Alaba na cewa zai yi wa ɓarawo maraba, kishin gida ba koya shi ake da duka ba, yana zuwa ne da girma, yawanci bayan wata 6 zuwa shekara ɗaya da wani abu za ka ga ya fara tsayawa a get yana haushin baƙon motsi, balle mai wannan jinin. Wanda ya san yadda mutanen kirki ke shigowa shi ke gane wanda ya shigo ta katanga.

Tsohon_Maigadi:

Haka ne likita. Na manta ban faɗa ba, tunda ba ka wuni a gida to aikin nan ba zai yiwu ba sai da Maman yara, ita zai fi gani. Ko ba za ta taɓa shi ba ta dinga ajiye masa abincin rana da kanta tana kiran sunansa, kuma kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya, in "zauna" ce to "zauna", in "bari" ce to "bari", kar wannan ya hana wancan ya ƙyale. Ka kuma saba masa da taɓa kunne da ƙafa da buɗe baki da ɗaura abin wuya tun yanzu, ranar da zai yi kilo 40 a gaban likita za ka tuna da ni.

Ɗan_Agege:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na ɗan yi shiru ne ina gwada abin da kuka ce. Washegari ban fita kasuwa da wuri ba na kai shi asibitin dabbobi, ashe ko allura ɗaya ba a taɓa masa ba, an yi ta farko an ba shi maganin tsutsa an ba ni kati, sun ce in dawo bayan sati 3. Abin da ya fito daga cikinsa bayan maganin nan ba kyan gani, na gode likita.

Yau kwana 9 ke nan. Kukan dare ya ragu sosai tunda muka dawo da kwalinsa baranda, sau ɗaya nake tashi wajen ƙarfe 2 in fitar da shi. Yara sun iya tsayawar bishiya, ƙaramar ce dai har yanzu take rugawa, don haka in tana tsakar gida ana sa shi a lungunsa. Jiya aka ɗauke wuta yarona ya tada janareta ina can baya da shi, ya daskare ya kalli wajen ƙarar ya kalle ni, sannan ya sunkuya ya ci gaba da cin abincinsa, wutsiyar dai a ƙasa take amma bai gudu ba. Abin da ya fi taɓa ni Baba, daren jiya da na dawo na tsuguna a bakin get na juya gefe kamar yadda Maman_Yan_Biyu ta ce, ya daɗe yana leƙe daga bayan tayar mota, can sai ga shi ya taho a hankali ya ɗora haɓarsa a gwiwata, kuma bai yi fitsari ba.

Mun je wurin malam tare da uwargida ranar Juma'a, ta yarda ya zauna da sharaɗin ba zai taka ɗaki ba, yanzu ita ke zuba masa na rana. Saura abu ɗaya, ba ya yarda da abin wuya ko kaɗan, da na ɗaura sai ya kwanta yana birgima yana son cirewa da ƙafa. In bar masa shi a wuya ya saba ne ko in dinga cirewa bayan ɗan lokaci?